Gashi Ɗaya Daga Gemunsa

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na ba tururuwa gara, na jiƙa musu auduga da ruwan sukari. Sun ci. Su ba abin da ya dame su.

Jiya ban zo aiki ba, kuma ba wanda ya tambaye ni dalili, wato kowa a sashen nan ya ji. Mai shara ta gaishe ni, ta sake gaishe ni, ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona. Na ce mata akwai ƙura a bayan firji.

A asibiti an ce in je gida in huta, tunda Inna, mahaifiyar mijina, tana wurinsa. Sai na taho ɗakin bincike. A gida akwai teburin nan da kofuna biyu a kai, ban kwashe su ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Sun aske masa gemu. Nas ta ce filasta ba ta kama gashi, kuma dole a manne robar da aka zura masa ta hanci. Tun da aka yi aurenmu Maigemu nake kiransa. Yau na tsaya a bakin gado ina kallon haɓar wani mutum mai ɗan tabo a gefen hagu, tabon da ban taɓa sanin yana da shi ba. Inna ta ce daga kan keke ya faɗo yana yaro.

Idonsa a buɗe yake. Fanka yake kallo.

Alhamis, 5 ga wata, da hantsi

Farfesa, shugaban sashenmu, ya leƙo ya yi mini jaje. Daga nan ya tuna mini cewa masu mujallar da za ta buga bincikenmu suna jiran ragowar bidiyon tururuwa kafin ƙarshen wata. Ya ce ba gaggawa. Ya kai bakin ƙofa ya juyo ya sake cewa ba gaggawa, sai na gane akwai gaggawa.

Bari in rubuta abin da na sani, tunda shi kaɗai ke yarda ya zauna a kaina. Tururuwata tana buɗe muƙamuƙanta biyu har su miƙe sambal, ɗaya dama ɗaya hagu, sai wata 'yar sakata a gindinsu ta riƙe su a haka. Daga nan manyan tsokokin cikin kai su fara ja a hankali. Muƙamuƙi ba ya motsi, sakata ta hana shi. Ƙarfin sai ya riƙa taruwa, har ƙoƙon kan ya ɗan lanƙwashe. A gaban bakin akwai wasu dogayen gashi sirara. Da zarar wani abu ya taɓa su, wata ƙaramar tsoka ta zare sakatar, shi ke nan. Kafin ido ya fara ƙiftawa an gama. In ka kalle su da ido kawai, wadda take ja da iya ƙarfinta da wadda take tsaye ba ta yin komai, kamarsu ɗaya.

Na ci rabin burodi.

Juma'a, 6 ga wata, bayan ƙarfe ɗaya

Inna ta kunna 'yar rediyonta a gefen gado, lokacin labaran rana, lokacin da shi ke karantawa shekara da shekaru. Wani ne ya karanta. Ta saurara har ƙarshe, ta kashe, ta ce, "Wannan yaron da hanci yake magana."

Ta gyara masa bargo. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Uwar tururuwa, da abin ya same shi, me yake cewa?"

Na ce mata bari in je in karɓo magani kafin a rufe.

Asabar, 7 ga wata, da yamma

Ba canji.

Lahadi, 8 ga wata, da safe

Ba canji. Na wanke kofi ɗaya, nawa.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Na kunna fitilu da kyamara, na zauna. Ban ɗauki komai ba.

Kyamarar nan ba a danna mata kafin abu ya faru. Duk sabon ɗalibi a nan yake faɗuwa. Yana ganin tururuwa ta buɗe baki sai ya danna, ya cika na'ura da hoton ƙwaro yana tsaye. Ita kyamarar kullum cikin ɗauka take, tana ɗauka tana gogewa, tana ɗauka tana gogewa. Aikinka ka jira. Sai abin ya faru, ya wuce, sannan ka danna, ita kuma ta tsaya ta ajiye maka ɗan abin da ya gabata. Na daɗe ina wannan aiki har babban yatsana ya daina shawara da ni. Ko ƙofa ce ta bugu, sai in ji ya motsa.

Ranar Talatar da abin ya same shi, muna shan shayi. Yana magana, don shi ba a raba shi da magana, wanda ake biya ya yi ta a wurin aiki kuma ya zo gida ya yi ta kyauta. Ni ina kallon bidiyon jiya a waya, ina cewa uhm a inda ya kamata. Sai maganar ta tsaya a tsakiya. Da na ɗago, abin da na fara gani shi ne yatsana a gefen tebur, ya danna.

Tebur ba ya ajiye komai. Na gwada tunawa a mota, na gwada a banɗaki. Ina jin muryar, da hawanta da saukarta, amma babu kalma ko ɗaya.

Talata, 10 ga wata, da azahar

An kawo wata mata mai koya wa marasa lafiya haɗiya. Doguwa ce, mai fara'a, tana yawo da cokali a aljihun riga. Inna ta sa mata suna Mai cokali tun kafin ta zauna. Ta tsaya a gabansa, ta kira shi da ƙarfi, ta ɗora cokalin ruwa a leɓensa. Haƙoransa a damƙe. Ruwan ya bi ta haɓa ya jiƙa filasta.

Likita ya kira mu baranda, ni da Yaya, wansa. Ya yi magana a hankali, yana juya biro. Ya ce idan zuwa ƙarshen wata bai fara haɗiya da kansa ba, ko ya nuna wata alama cewa yana jinmu, za su sa masa roba ta ciki, mu tafi da shi gida. Ya ce daga nan sai kulawa da addu'a. Ya ce akwai masu jiran gado.

Na tambaye shi, "Likita, yana ciki?"

Ya ce, "Malama, abin da muke nema mu sani ke nan."

Yaya ya ce shi a ganinsa a tafi da shi tun yanzu, a daina wahalar da bawan Allah. Na ce a bari wata ya ƙare. Ban ɗaga murya ba, ba ni ma da muryar ɗagawa.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na gwada aiki. Tururuwa ta datse mini tsinke a bugu na farko. Na buɗe akwati in ɗauko wani, na tarar saura ɗaya.

Ba da yatsa ake taɓa gashin bakin tururuwa ba. Gashi guda ake mannawa da gam a kan tsinken sakace, a kai shi a hankali ta gefe. Na yi wata da watanni ina neman gashin da ya dace. Nawa ya cika laushi, lanƙwashewa yake yi. Na burushi ya cika tauri, ture ta yake, sai ta fusata ta ƙi buɗe baki. Wata ranar hutu yana gyangyaɗi a kujera da jarida a ƙirji, na kalli gemun nan, na ɗauko matsefata na tsige guda. Ya zabura har jarida ta faɗi, ya dafe haɓa ya ce, "Ɓarauniya!"

Gashin ya yi daidai kamar don aikin aka halicce shi. Tun daga ranar, in ya gan ni da matsefata sai ya rufe haɓa da hannu biyu ya bi ɗaki yana ihun ɓarauniya, a taimaka. Daga baya ya zo ya zauna ya miƙo wuya. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, duk takardar da na buga a sa sunan gemunsa a cikin marubuta, a gaban na Farfesa, don ya fi shi aiki.

Na sa tsinken a gidan tabaransa, na jefa a jaka. Na kashe fitilu.

Alhamis, 12 ga wata, da yamma

Gashi ya fara tsirowa a haɓarsa. Na roƙi nas ta bar masa ko ɗan gefe. Ta ce, "Anti, filasta." Ta aske.

Asabar, 14 ga wata

Fanka.

Litinin, 16 ga wata, da hantsi

Farfesa ya ce in bidiyo ya gagara, in rubuta masa sashen asalin abin, ya san wannan a kaina yake. Na zauna na rubuta, hannu yana tafiya shi kaɗai.

Wannan bakin tarkon ba sau ɗaya ya bayyana a dangin tururuwa ba. Zuriyoyi daban-daban, waɗanda ba su gaje shi daga juna ba, kowace ta iso gare shi ta hanyarta, kuma ba da gaɓa ɗaya suka yi sakatar ba. Akwai waɗanda leɓensu na sama ne ya zama sakata. Kakanninsu bakinsu gajere ne, kamawa suke su riƙe, ba sauri. Zamani bayan zamani wani ɗan tudu ya ɗan matsa, wani gefe ya ɗan tsawaita, canjin da ba wanda zai lura da shi. Siffa tana tafiya a hankali, a hankali, har sassan suka hau kan juna suka maƙale. Daga nan aikin bakin ya zama wani abu dabam.

Da rana likita yana yi mini bayani, ya ce irin wannan ciwon ba rana ɗaya yake farawa ba, yakan daɗe yana taruwa ba a sani ba. Na ce masa na sani, aikina ke nan. Ya kalle ni, ya kalli nas. Ban yi masa bayani ba.

Talata, 17 ga wata, bayan la'asar

Yaya ya zo ya tarar ba na nan, ina wurin ba tururuwa abinci. Da na shigo ya ce, "Sannu da zuwa, Malama. Ƙanena yana kwance, ke kina can kina wasa da ƙwari."

Na ajiye jaka. Na nemi haushi a cikina in mayar masa, ban samu ba. Na ce, "In ba a ba su ba mutuwa za su yi, Yaya."

Inna ta ce, "Kai, bar ta. Can take zuwa ta yi kukanta."

Ban gyara mata ba. Ban yi kuka ba tukuna, ko can ko nan. Ina jira ya zo, kamar mai jiran mota a tasha, har na fara jin kunyar mutane.

Laraba, 18 ga wata, da safe

Ba canji. Mai cokali ta zo, ta tafi.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe sha biyu

Farfesa ya kawo mini burushin fenti sabo, ya ce in tsigi gashi a ciki. Na ce ya cika tauri. Ya ce to na wani mai gemun fa, ai gari cike yake da su. Na ce zan duba. Shi haɓarsa sumul take, da na tsigi nasa don ya ji yadda ake ji.

Na gwada na burushin don kada a ce ban gwada ba. Wata tururuwa ta kauce masa, ta sunkuya ta bugi gilashin kwanon da bakinta, ƙarfin bugun ya cilla ta sama da baya, ta faɗo a hannun rigata. Haka suke tserewa in sun ga abin da ya fi ƙarfinsu. Ta tsaya a kan rigar tana gyara ƙahonninta kamar ba ita ba. Na mayar da ita cikin 'yan'uwanta.

Yatsana ya danna a kan lokaci. Na manta ban kunna kyamara ba.

Lahadi, 22 ga wata, da yamma

Ina yanke masa farce, Inna tana riƙe da ɗaya hannun. Ta sake tambaya. Wannan karon ba maganin da zan je karɓowa.

Na ce, "Ban ji ba, Inna. Yana magana, ni ina kallon waya."

Na gama babban yatsa. Sannan ta ce, "Ni ma tun yana goye rabin maganarsa nake ji. Wa zai iya da shi? Yaron da ko barci yake sai ya ba bango labari." Ta shafa masa goshi ta ce, "Ka ji ko, sarkin surutu? Ka bar mu da shiru, ba mu saba ba."

Na so a ce ta zage ni. Da na san inda zan ajiye zagin.

Litinin, 23 ga wata

Kofinsa yana nan. Shayin ya bushe ya bar zobe a ciki.

Laraba, 25 ga wata, da azahar

Na zauna ina kallon Mai cokali tana aiki. Ta iya aikinta, tana da haƙuri, ba ni da abin cewa. Amma ta gaba take zuwa masa, da murya da cokali da fara'a duk a lokaci ɗaya, in bai buɗe ba ta sake, ta sake. A wurina in ka yi wa tururuwa haka, daina kula ka take yi. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji yadda zai fito: matarsa ta ce a bi da shi kamar ƙwaro. Na rufe bakina.

Yaya ya riga ya yi magana da mai motar da za ta ɗauke shi. Ya kuma sa an fitar da kujeru daga falonmu don gado ya shiga. Ya tambaye ni ko a juya gadon ya kalli taga. Na ce a juya shi ya kalli fanka.

Juma'a, 27 ga wata, da yamma

Na rubuta wa Farfesa cewa bidiyon ba zai samu ba a wannan watan. Ya amsa da cewa ba komai, Allah ya ba shi lafiya. Sau ɗaya ya faɗa, don haka na yarda.

Lahadi, 29 ga wata

Gobe likita zai zo da takardar sa roba. Ni zan sa hannu.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru, a jere.

Mai cokali ta zo da safe, ta gwada, ta goge masa haɓa, ta dafa kafaɗata ta fita. Likita ya aiko cewa yana zagaye, zai iso da takardar kafin azahar. Inna tana kan tabarma tana jan carbi. Na buɗe jaka in nemo biro, hannuna ya faɗa kan gidan tabarau.

Ba gwaji na yi niyya ba. Na san mutum ba tururuwa ba ne, na fi kowa sani. Hannuna ne dai bai iya wani abu ba sai wannan. Na fito da tsinken, na jawo kujera ta gefen hagunsa, wajen tabon, inda ba na tare masa fanka. Ban kira shi ba. Na dafa gwiwar hannu a kan katifa don hannun ya tsaya cak, na kai gashin a hankali har ya taɓa gefen bakinsa. Taɓawa ɗaya. Na janye kaɗan, na riƙe shi a inda zai iya gani, na jira.

Jira dai na iya. Na ji ana tura keken magani a baranda, ya wuce. Na ji carbin Inna.

Idonsa ya bar fanka. Ya sauko a hankali kamar mai saukowa daga tsani, ya tsaya a kan tsinken. Ya daɗe a nan. Sannan ya biyo hannuna, ya hau har fuskata. Na ga tsokar gefen kunnensa tana motsi a ƙarƙashin fata, tana ja, tana ja, baki bai buɗe ba. Ban sake taɓa shi ba.

Haƙoran suka rabu. Iska ta fara fita, sannan murya, a shaƙe, rabin baki ne kawai ke aiki.

"Ɓa… rau… niya."

Carbin ya tsaya. Inna ta miƙe da sauri irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba, ta ce, "Ke! Wa yake zagi?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta ce, "Me kika satar masa?"

Na nuna mata tsinken. Ta kalle shi, ta kalle ni, ba ta gane komai ba, kuma ba ta tsaya ganewa ba. Ta fita ba takalmi tana ƙwala wa Mai cokali kira, tana cewa ya yi zagi, wallahi ya yi zagi, a zo a ji.

Sai da ɗaki ya cika da mutane na lura da ɗaya hannuna. Babban yatsana yana kan ƙarfen gado, ya danna ya ƙi ɗagawa, har farcen ya yi fari. Nas ta ce in matsa a ba likita wuri. Na matsa, na fita baranda da yatsan a dunƙule cikin tafin hannu, na zauna a ƙasa kusa da takalman Inna. A nan kukan ya same ni.

Kalmar nan tasa, na ji ta duka, tun daga farkonta har ƙarshe.